Sabuwar dokar haraji: wa ya ga canji a aljihunsa?

Malamin Sakandare: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Albashin Janairu ya shigo jiya da yamma. Tun bara ake cika mana kunne cewa daga 1 ga Janairun 2026 ƙaramin ma'aikaci zai sarara, haraji zai koma kan masu hannu da shuni. To na ɗauko takardar albashin Disamba na jera ta da ta Janairu. Wallahi bambancin da na gani bai kai naira 500 ba. Albashina 150,000 ne kafin a cire komai. Ko dai ofishinmu ne bai fara aiki da sabon lissafi ba, ko kuwa dama abin ke nan? Wanda ya san kan abin ya warware mini, don ni dai na riga na yi wa uwargida alƙawarin ƙarin kuɗin cefane.

Ɗan Kwari: Malam, kai da ka ga ƙarin 500 ai sai ka yi hamdala. Mu tun Disamba muke fama da masu sayen kaya da suka ƙi tura kuɗi ta banki, wai gwamnati za ta dinga yankar kaso a duk abin da ya shiga asusu. Wani dillalina daga Gaidam da jaka ya zo da kuɗin atamfa, ya kwana a hanya da su. A wannan zamani!

Akantar Kaduna: Wa alaikumus salam Malam. Ofishinku bai yi kuskure ba, abin ke nan. Bari mu yi lissafin tare.

Albashinka a shekara miliyan 1.8 ne. In an cire kashi 8 cikin 100 na fansho, wato 144,000, saura 1,656,000. A sabuwar doka naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne. Kai abin da ya rage maka bayan an ware 800,000 shi ne 856,000, harajinsa 128,400 a shekara, wato 10,700 a wata.

A tsohon tsari kuwa akwai rangwamen da ake fara cire wa kowa, naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 na abin da yake samu, sannan a hau matakala: kashi 7, 11, 15, 19, har zuwa 24. Da wancan lissafi kana biyan kusan 11,140 a wata. Ka ga bambancin 440 da 'yan kai. An ba ka 800,000 da hannun dama, an janye tsohon rangwamen da hannun hagu. Wanda ya fi ka jin sauƙi shi ne na ƙasa da kai. Mai albashin 100,000 da can yana biyan wajen 5,540, yanzu 3,800. Mai mafi ƙarancin albashi na 70,000 ba ya biyan ko kwabo.

Amma akwai abu ɗaya da ka bari a ƙasa. In gidan haya kake, doka ta yarda a cire maka kashi 20 na kuɗin hayar shekara daga abin da za a yi wa haraji, iyakarsa naira 500,000. Sai ka kai shaida ofishinku, ba za su yi maka da ka ba.

Malamin Sakandare: Hajiya Allah ya saka da alheri. Haya nake, 300,000 a shekara. Nawa ke nan zai dawo?

Akantar Kaduna: Kashi 20 na 300,000 shi ne 60,000. Harajin da ke kan 60,000 ɗin, 9,000 a shekara. Wato 750 a wata.

Malamin Sakandare: To, an samu na magi da gishiri.

Mai Ɗinki a Gida: Don Allah Anti Akanta ki amsa maganar Ɗan Kwari, ni ita ce ta hana ni barci. Na kwashe 'yan kuɗin adashena daga banki tun kafin sabuwar shekara, suna cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Wata murya aka turo mana a WhatsApp, mutumin yana rantsuwa cewa duk wanda kuɗi ya shiga asusunsa ya haura 800,000 a shekara za a cire masa kashi 15 kai tsaye. Ni kuwa kuɗin adashe na mutum 12 ta wajena yake bi.

Akantar Kaduna: Ƙanwata ki mayar da kuɗinki banki kafin gara ko ɓarawo su riga ki. Haraji a kan abin da mutum ya samu yake, albashi ko riba, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa asusu ba. Kuɗin adashe amana ce, ba ribarki ba ce. Kyautar da ɗan'uwa ya turo miki, bashi da aka biya ki, gudummawar biki, duk ba su ciki. Kuma babu inda doka ta ce banki ya dinga yankar kashi 15 a duk alat. Abin da za ki gani shi ne naira 50 a kan tura kuɗi daga 10,000 zuwa sama. Ita ma ba sabuwa ba ce, da can wanda aka tura wa ake cire wa, yanzu an mayar da ita kan mai turawa.

Shawara ɗaya: ki raba asusun ɗinki da na adashe, ki sami littafi ki dinga rubutawa. Ranar da aka tambaye ki, littafin ne zai yi magana.

Ɗan POS: Wannan naira 50 ɗin da kuke rainawa mu muka san zafinta. Mutum ɗaya sau nawa yake turawa a rana? Ni kuwa sana'ata ke nan tun safe har dare. Kuma kullum sai na yi rigima da kwastoma a kan wa zai ɗauka.

Lauyan Unguwa: Hajiya ta yi bayani daidai, amma kada mu yi wa mutane shafa-shafa. Tsoron bai taso a banza ba. Dokar gudanar da haraji ta wajabta wa bankuna su dinga kai rahoton manyan hada-hada ga hukumar haraji, kuma lambar NIN ɗinka ita ce ta zama lambar harajinka, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC. Ma'ana ba za a cire maka kai tsaye ba, amma za a iya ganinka. Ɗan kasuwar da miliyoyi ke bi ta asusunsa, shekara 20 bai taɓa cike takardar haraji ba, shi ne zai sha tambaya. In ba shi da littafi, doka ta ba da damar a ƙiyasta masa. Kuma mun san yadda ƙiyasi yake ƙarewa a ƙasar nan: a ƙiyasta maka da yawa don ka nemi a sasanta.

Ɗan Kwari: Yawwa Barista, ka taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. A kasuwa mutum zai iya juya miliyan 50 a wata, amma kayan ba nasa ba ne. Na Alhaji ne, shi la'ada yake ci, a kan kowane bandir ɗari biyu ko uku. Da yawanmu ciniki da baki ake yi, "kai kaya, in ka sayar ka kawo". Amana ce jarinmu. Yaya zan yi wa yaro ɗan boko mai kwamfuta bayanin cewa kuɗin da ya gani ba nawa ba ne?

Akantar Kaduna: Alhaji, da rubutu. Ai addininmu ma ya riga hukumar haraji, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Ɗan Kwari: Hajiya kin kama ni, ba ni da ta cewa a nan.

Mai Tirela: Ni duk wannan lissafin naku na 'yan ofis ne. Ku zo ku bi ni tafiya ɗaya daga Dawanau zuwa Mile 12 da lodin wake ku ga haraji da idonku. Tun daga fitowa kasuwa tikiti, kan hanya shinge bayan shinge, wannan ya ce na ƙaramar hukuma ne, wancan ya ce na kayan gona ne, wani ya ce sitikarka ta jihar baya ba ta aiki a tasu jihar. Wasu ko riga ba su da ita, katako mai ƙusa kawai suke jawowa gaban taya. Ka tsaya gardama su fasa maka madubi. Masu ɗaukar shanu daga Potiskum ko Maigatari sun fi mu shan wuya, don su dabba ba ta jiran gardama, in ta daɗe a rana sai ta faɗi. Mai kaya kuma duk abin da na kashe a hanya sai ya ɗora a kan buhu.

An ce mana Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran haraji na Shugaban Ƙasa, ya ce harajin da ake karɓa a hukumance sun haura 60, za a mayar da su ƙasa da 10. To ni makon jiya na dawo. Katakon nan yana nan inda na bar shi.

Lauyan Unguwa: Direba, gaskiyarka, kuma a nan gizo ke saƙa. Dokoki huɗun da Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 na tarayya ne: dokar haraji, dokar gudanar da shi, wadda ta mayar da hukumar tara haraji ta tarayya daga FIRS ta zama NRS, da ta hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji. Tikitin kasuwa da na tasha da na hanya kuwa a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Sai kowace majalisar jiha ta yi tata dokar, sannan gwamna ya yarda ya kori masu katakon. Su kuwa masu katakon, mu faɗi gaskiya, yawancinsu yaran siyasa ne da aka sallama da shinge bayan zaɓe. An kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji a sabuwar dokar, amma ban ga yadda zai taimaki direban da aka tare da ƙarfe biyun dare a daji ba.

Dattijon Sawaba: Yara, ku bar ni in sa baki. Ni na ga zamanin da dagaci ke zuwa da ɗan doka a tara magidanta a ƙofar fada saboda haraji. Na ga wanda aka shanya a rana, na ga wanda ya sayar da akuyar matarsa, na ga waɗanda suka tsere ci-rani ba don yunwa ba sai don kuɗin haraji. Fulani kuma in lokacin jangali ya zo sai su kora shanu daji a ɓoye rabi. Wannan shi ne abin da Malam Aminu Kano ya yi ta yaƙi da shi tun zamanin NEPU. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, mutane har kuka suka yi don murna.

Abin da ya sa na kawo wannan, in Bahaushe ya ji kalmar haraji, ba ya tuna asibiti ko titi. Bulala yake tunawa. Duk wanda zai zo da sabuwar doka bai san wannan ba, zai yi ta mamakin me ya sa mata ke kwashe kuɗi daga banki.

Amma zan faɗi wata magana da ba za ta yi wa 'yan'uwana daɗi ba. Tun da aka daina karɓa a hannunmu, kuɗin mai ya zama shi ke riƙe da gwamnati, mu ma muka daina tambaya. A da talaka yana iya tsayawa ya ce ina kuɗin harajina. Yanzu gwamna ya tafi Abuja ƙarshen wata ya karɓo, in ya gina rijiya sai a yi masa waƙa kamar daga aljihunsa ya ciro.

Matashin Arewa: Baba, da girmamawa, amma kada a kawar da mu daga ainihin magana. Wannan doka tun farko an tsara ta ne don Legas. Kun manta ƙudurin da aka kai majalisa a Oktoban 2024? Kashi 60 na kason jihohi a VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, aka so a raba bisa inda aka tara kuɗin. Gwamnonin Arewa 19 da sarakuna suka zauna a Kaduna ƙarƙashin Inuwa Yahaya suka ce ba su yarda ba. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Kashim Shettima ke jagoranta, ta ba da shawarar a janye a sake tuntuɓa, Shugaban Ƙasa ya ƙi. Zulum ya fito a BBC Hausa ya yi gargaɗin cewa jihohinmu za su kasa biyan albashi. Ndume ya yi ta faɗa a majalisa. Duk waɗannan ba su san abin da suke yi ba ne?

Akantar Kaduna: Sun sani, kuma faɗan nasu ya yi amfani. Amma kai kana yaƙi da ƙudurin 2024, ba dokar da aka sa wa hannu ba. A Janairun 2025 gwamnonin ƙasar duka suka zauna da kwamitin gyaran harajin suka daidaita. Kashi 60 ɗin nan bai wuce ba. Abin da ya zama doka: kashi 50 a raba daidai wa daida tsakanin jihohi, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Ƙarin VAT da aka so yi zuwa kashi 10, a ƙarshe har 15, shi ma an yi watsi da shi, yana nan a 7.5 da yake tun 2020. Sannan tarayya ta rage nata kason daga 15 zuwa 10, jihohi suka tashi daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35.

Matashin Arewa: Hajiya ki duba da kyau. A da yawan jama'a kashi 30 ne, an mayar da shi 20. Mu kuwa jama'a ce ƙarfinmu. An ɗebe 10 daga inda muke da rinjaye an kai inda suke da rinjaye. Ko a kasuwa aka yi maka haka ka san an taɓa ka.

Akantar Kaduna: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ka kula da kalmar da aka canza. A tsohon tsari wannan kason da ya koma 30 kashi 20 ne, kuma ana lissafa shi ne da inda kamfani ya biya kuɗin, wato hedikwatarsa. Kai ka sayi katin waya a Gusau, ni na saya a Kaduna, kamfanin ya tattara ya biya daga Legas, sai a rubuta Legas ce ta kawo. Haka bankuna, haka masu siminti da lemo. Yanzu doka ta ce kamfani ya nuna inda aka sha kayan. In aka bi wannan da gaskiya, Kano da yawan masu waya da masu shan lemo da masu gini ba za ta yi asara ba, ƙila ma ta ƙaru. Inda nake da fargaba shi ne wa zai tabbatar an bi. Babban dila ya sayi tirela goma a masana'anta a Ogun ya kawo Singa, daga Singa kaya su watsu zuwa Haɗeja da Daura da Azare babu rasidi ko ɗaya. A takarda, a ina aka sha kayan nan? In gwamnoninmu ba su sa ƙwararru sun zauna a kan alƙaluman nan duk wata ba, za a rubuta abin da aka ga dama, mu kuma mu zo muna ihu bayan hari.

Ɗan Agege: Ni a Legas aka haife ni, kuma kullum sai na sha gori a wurin aiki. Maganarsu ɗaya ce: kuna fasa kwalaben giya a Kano amma kuna karɓar kason VAT ɗin giya. Tun lokacin da Wike ya kai ƙara a kan wa ke da ikon karɓar VAT, kotun tarayya ta Fatakwal ta ba Ribas gaskiya a 2021 ake wannan gorin. Ni dai ban taɓa samun amsar da ta gamsar da su ba.

Matashin Arewa: Ka ce musu shinkafa da wake da tumatir da albasa da naman da suke ci daga ina suke zuwa? Kayan abinci ba a ɗora musu VAT. Wato abin da muka fi nomawa an ware shi daga lissafi don kowa ya ci da sauƙi, sannan a juyo a ce ba ma kawo komai. A sa wa buhun masara kashi 7.5 a ga wace jiha za ta fi tarawa.

Ɗan Agege: Kai ɗan'uwa rufa mana asiri, a sa wa masara haraji mu da ke saye a nan mu mutu? Amma zan ari amsar.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi hattara, na goge saƙonni biyu. Muhawara muke, ba zagin ƙabila ba. Wanda ya sake zan fitar da shi.

Uwar Marayu: Ni tambayata dabam ce. Maigidana ya rasu bara, ya bar gida biyu, ba a riga an raba ba. An ce mini a sabuwar doka gwamnati na da kaso a gado. Gaskiya ne? Abin da Allah ya riga ya raba da kansa?

Lauyan Unguwa: Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Hajiya babu harajin gado a dokar. An yi wannan cece-kuce lokacin da ƙudurin ke majalisa, malamai da ƙungiyoyin addini suka yi magana a kan wani sashe da ya shafi dukiyar iyali, kuma masu dokar suka fito suka ce ba a taɓa gado ba. Ku raba yadda shari'a ta tsara. Inda haraji ke shigowa shi ne bayan an raba: in wanda ya gaji gida ya sa 'yan haya, kuɗin hayar samu ne kamar kowane samu, ana haɗa shi da sauran abin da yake samu a shekara, in bai haura 800,000 ba babu komai a kansa.

Uwar Marayu: Alhamdu lillahi. Na gode Barista, Allah ya bar zumunci.

Malamin Jami'a: Wani ɓangare da ba a taɓo ba. A ƙudurin farko an so a janye wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuɗi a hankali har ya ƙare a 2030. Duk wanda ya shiga jami'a ko kwalejin ilimi a Arewa ya san in ka cire gine-ginen da ke ɗauke da sunan asusun nan, abin da zai rage sai tsofaffin azuzuwan zamanin Sardauna. ASUU ce ta haifar da shi da yajin aikin 1992, ita ce kuma ta tsaya a kansa wannan karon. A ƙarshe an haɗe harajin ilimi da wasu ƙananan haraji na kamfanoni aka mayar da su guda ɗaya na kashi 4, TETFund na da rabi. Ya tsira, amma yanzu da abokan rabo yake ci a kwano ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya faru a Disamban 2025. Ɗan majalisa Abdussamad Dasuki daga Sakkwato ya tashi a zauren majalisar wakilai ya ce abin da aka buga a gazet, wato jaridar gwamnati da ake wallafa dokoki a ciki, ya saɓa da abin da suka zartar. Majalisa ta kafa kwamiti, aka ba da umarnin sake bugawa, aka fitar da kwafin da aka tantance, amma ranar fara aiki ba ta motsa ba. Dokar da ke neman in yarda da ita in buɗe mata littafina, ita kanta an yi gardama a kan wane ne sahihin kwafinta. Wannan ba ƙaramin tabo ba ne.

Lauyan Unguwa: Dakta, mu ma da muke aiki da ita abin ya dame mu. Duk wanda ya zo wurina yanzu sai na fara duba wane kwafi ke hannunsa kafin mu yi magana.

Mai Tirela: A tambaya mini Barista maganar kashi 5 a kan man fetur da gas. An fara ko ba a fara ba? Don mu a gidan mai ba a yi mana bayani, farashi kawai muke gani.

Lauyan Unguwa: Yana cikin dokar, kuma asalinsa tsohuwar dokar hukumar gyaran hanyoyi ce ta 2007 aka ɗauko. Amma ba ya fara aiki sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a gazet, kuma da aka yi ca a kai a Satumban 2025 ministan kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya ce babu shirin yin hakan nan kusa. Kananzir da iskar girki da iskar mota ta CNG ba sa ciki. Ka ɗauke shi kamar bindiga ce a rataye a bango.

Ɗan Zangon Kumasi: Gaisuwa daga Gana. Ina karanta ku ina dariya, don mun riga ku shiga wannan. A 2022 aka sa mana kashi 1.5 a kan tura kuɗi ta waya. Mutane suka yi abin da Mai Ɗinki ta yi, kowa ya koma riƙe tsabar kuɗi, gwamnati ba ta samu abin da ta yi tsammani ba, ta rage zuwa kashi 1, da Mahama ya dawo ya soke shi a 2025. Mu namu da gaske ana cirewa. Ku naku ba a ma cire ba kun gudu.

Ɗan Maraɗi: Mu nan TVA, wato VAT ɗinmu, kashi 19 ne, ku kuna kuka da 7.5. Amma ni abin da ya shafe ni, in na sayi kaya Kano na bi ta Jibiya, a lissafin Hajiya Akanta a ina aka sha su?

Akantar Kaduna: Alhaji ka dawo da ni aji. A doka kayan da aka fitar waje ba a ɗora musu VAT. Amma naka da ke fita a bayan Hilux babu takarda, a lissafi Kano ce ta sha su. Kada ka faɗa wa kowa.

Dattijon Sawaba: Malamin da ya buɗe maganar nan, ina da tambaya gare ka. Wannan 10,700 da ake cire maka duk wata, ka san aljihun wa take shiga?

Malamin Sakandare: Gwamnatin tarayya mana, Baba. Ba ita ta yi dokar ba?

Akantar Kaduna: A'a Malam. Tarayya ce ke tsara ƙa'idar, amma harajin albashi na jihar da kake zaune ne. In ka cire sojoji da 'yan sanda da mazauna Abuja da ire-irensu, kowa jiharsa yake biya. Shi ya sa ma wasu jihohin ke ƙorafi a ɓoye: inda yawancin ma'aikata ƙananan albashi ne, yafe 800,000 ɗin nan rage musu kuɗin shiga ya yi. Jihar da ke da manyan ma'aikatan banki da na kamfanonin mai, masu biyan kashi 23 da 25, ita ce za ta ga ƙari. Mu namu sai su nemi cikewa a wani wuri, kuma ina jin tsoron wurin shi ne kasuwar su Ɗan Kwari da hanyar su Direba.

Ɗan Kwari: Ai dama na san a kanmu za ta ƙare.

Malamin Sakandare: Shekara 14 ina koyarwa a ajin da rufinsa ke yoyo, ashe duk wata ni nake biyan wanda ya ƙi gyara shi. Baba ka sa ni tunani.

Hajiya Akanta, ga wata sabuwa. Bayan la'asar na je wurin mai gidan da nake haya in karɓo rasidi don in kai ofis kamar yadda kika ce. Da na yi masa bayani sai ya gyara zama ya ce, wato sunansa da lambar gidansa da abin da yake karɓa zan kai wa masu haraji? Ya ce shekara shida muna zaune lafiya babu takarda tsakaninmu, in rasidi nake so to haya ta koma 400,000, in kuwa na haƙura tana nan yadda take. Yanzu ya zan yi da 750 ɗin nan?

Akantar Kaduna: Ta banki kake biyansa ko hannu da hannu?

Malamin Sakandare: Hannu da hannu. Ya ce shi ba ya son alat.